Yarinyar da Ta Zauna a Gindin Taga

Na daɗe ina koyarwa, fuskokin ɗalibai da yawa sun ɓace mini, amma akwai wata ranar jarrabawa da ba za ta fita daga raina ba har in koma ga Allah.

A shekarun tamanin ne, ina koyar da aji huɗu a firamaren wani ƙauye tsakanin Kura da Bunkure, inda ruwan kanal ya ratsa gonakin alkama da tumatir. Wata safiya wani manomi ya zo riƙe da hannun 'yarsa, wadda ƙyanda ta cinye wa idanu tun tana ƙarama. Ya ce kullum ƙannenta suka dawo daga makaranta sai ta tsare su su maimaita mata karatu, kuma ya gaji da jin kukanta. Hedimasta ya ce a kai ta makarantar makafi a birni, uban ya ce uwarta ba za ta iya rabuwa da ita ba. Da ƙyar aka bari ta zauna a ajina.

Na bi ajin nan har aji shida. Saboda ita na koyi faɗin duk abin da nake rubutawa a allo. Ƙawayenta ke tsallakar da ita gadar kanal, ita kuma ta tuna musu abin da suka manta. In na yi tambaya da baki, ba mai riga ta.

Ranar jarrabawar shiga sakandare, yarinyar ta zo da kayan makaranta wankakku, har da fensir da ta sa aka fiƙe mata. Masu sa ido da aka turo daga birni suka dube ta, suka dubi juna. Babbansu ya ce ba a ba su umarni a kan irinta ba. Na roƙe shi ya sa ɗaya daga cikinsu ya karanta mata ya rubuta amsarta, ya ce wannan satar amsa ce a wurin na sama. Ba mugu ba ne, tsoron aikinsa yake ji. Hedimasta ma ya sa baki, a banza.

Ni na fito da ita daga ɗakin jarrabawar. Ba ta yi kuka ba, sai ta ce, “Malam, a bar ni in zauna a gindin taga, ko zan ji tambayoyin.”

Ba a karanta komai a fili ba. Ƙarar buɗe takardu kawai take ji, amma ba ta tashi ba sai da aka gama.

Ƙawayenta suka wuce sakandare, ita ta koma gida. Bayan shekaru na tarar da ita a kasuwar tumatir, tana lalube a kwando tana ware ruɓaɓɓu. Daga sallamata ta gane ni. Muka gaisa, ta tambayi iyali, sannan ta ce:

“Malam, tambayoyin ranar nan, masu wuya ne?”

Na ce mata duk ta san su. Ta gyaɗa kai, ta ci gaba da aikinta.

Ranar na gane cewa bai wa irin wannan yarinya wurin zama a aji ba shi ne ƙarshen haƙƙinta ba. In ba a shirya mata hanyar wucewa gaba ba, an dai kwaɗaita mata abin da za a hana ta ne.