Jar Mota da Kunnen Baba

Na sayi motar ne a shekarar da Baba ya daina gane ni. Ja ce, mai kujera biyu, ƙasa-ƙasa kamar za ta lashi titi, kuma ta girme ni. Wani tsohon likita ne ya ajiye ta a bayan gidansa a unguwar Ambassatna, kaji suna kwana a ƙarƙashinta. Ko zagaya ta ban yi ba, na ce a kawo. Da igiya aka jawo ta har ƙofar gidanmu a unguwar Mardjandafak, maƙwabta suka fito kallo.

Yayata ta ce na haukace. A garin da ramin titi ke haɗiye tayar babbar mota in damina ta sauka, ni na je na kwaso abin da cikinsa ke gogar ƙasa. Ban musa mata ba. Ni shadda da atamfa nake sayarwa, ban san bambancin buji, wato filogin mota, da ƙusa ba. Baba ne bakanike, duk ƙarfinsa a garejinsa na unguwar Chagoua ya ƙare. Muna yara ya sha ba mu labarin irin wannan motar, wadda wani Bature yake kawo masa tun yana saurayi, wai duk garin shi kaɗai ya iya saita ta. Yanzu yana zaune a zaure kan tabarma, duk safiya yana gaishe ni da ladabi kamar baƙon da ya sauka jiya. Wata bakwai bai kira sunana ba. Na yi tunanin in ya ji kukan injin nan wani abu zai motsa masa, ya ɗago ya dube ni ya san ni ne. Ba don yawo na saye ta ba.

Ba zan ce ina cikin baƙin ciki a lokacin ba. Baƙin cikin ya zo tun farko ya wuce, ya bar ni kamar ƙafar da aka daɗe zaune a kanta. Ina cin abinci, ina buɗe shago, ina auna yadi. Shi ke nan.

Na kai motar wurin wani bakanike a Chagoua wanda ya koyi aiki a hannun Baba, shi ma yanzu furfura ta cika masa gemu. Ya canza buji, ya juye baƙin mai, ya wanke tankin da ya yi tsatsa, ya ja mini kunne kada in kuskura in zuba mata man kwalba na bakin hanya. Ta tashi, amma tana tari tana jijjiga. Ya nuna mini dalili: karbirata biyu gare ta, masu haɗa mai da iska, kuma dole su riƙa shaƙar iska daidai wa daida. Motocin yanzu na'ura ake jona musu ta faɗi ciwonsu, wannan kuwa ba ta da inda za a jona komai. Ya yanko guntun tiyo, ya sa baki ɗaya a bakin karbirata, ɗayan a kunnensa, ya saurari wannan, ya saurari waccan, ya girgiza kai.

“Wannan da kunne ake yin ta,” in ji shi. “Nawa bai kai ba. Kunnen yana gidanku.”

Na karɓi tiyon na dawo da motar gida. Kullum da hantsi kafin in tafi kasuwa sai in ɗaga murfin injin, in tayar da ita, in sa tiyo a kunne ina murɗa ƙananan sukurori da turnabis. Ni dai huci kawai nake ji, na hagu da na dama duk ɗaya. Hayaƙi baƙi ƙirin ya riƙa shiga gidan maƙwabta, har mai shayin kan kwana ya fara tambayata ko gasa kifi nake yi. Baba yana zaure, taku biyar tsakaninmu, ko waiwayowa bai yi ba. Na ƙara matso da motar bakin ƙofa. Shiru. Ban ji haushi ba, ban kuma fasa ba. Na yi fiye da sati uku a haka.

Wata ranar Juma'a ina duƙe sai na ga inuwa a kan injin. Baba ne, ba takalmi. Bai dube ni ba, hannu kawai ya miƙo, na sa masa tiyon. Ya saurari ta hagu, ya saurari ta dama, ya yi tsaki, ya sake miƙo hannu na ba shi turnabis. Hannun da ba ya iya kai cokali baki sai ya zubar, ranar ko rawa bai yi ba. Ya murɗa kaɗan nan, kaɗan can. Tarin ya ɗauke, jijjigar ta kwanta, kukan injin ya zama ɗaya, sumul. Yaya tana tsaye a ƙofar zaure, hannunta a kan baki.

“Kalas, an gama,” in ji Baba. Sannan ya ɗago ya dube ni, ya daɗe yana dubana. Na tsaya ina jira.

“Alhaji, motarka lafiyarta ƙalau,” ya ce. “Amma wanda ya taɓa maka ita ba shi da kunne. Kada ka ƙara ba shi.”

Na ce to.

“Ina da ɗa kamar kai, a kasuwa yake. Shi ma ba ruwansa da mota. Ya daɗe bai zo ba. In ka gan shi ka ce ina nemansa.”

“Zan faɗa masa, Baba.”

Ya goge hannu a rigarsa ya koma kan tabarma. Yaya ta shige ciki tana kuka. Ni na kashe motar, na rufe murfin, na tafi kasuwa na auna yadi har lokacin masallaci. Na yi ta laluben abin da ya kamata in ji a ƙirjina, ban samu komai ba.

Washegari da hantsi na ɗaga murfin, na ɗauki turnabis na murɗe sukurun hagu har saitin ya lalace, sannan na tayar da ita. Tana fara tari Baba ya fito. Ya tsaya kusa da ni, kafaɗarsa tana taɓa tawa, ya gyara, ya zagi marar kunnen da ya ɓata ta. Tun daga ranar haka muke yi, motar ba ta sake wuce kan kwanar layinmu ba. Kullum in ya gama sai ya tambaye ni ko na ga ɗan nasa. Ina ce masa na gan shi, yana hanya.