Rodi a wurin alwala

Ina kan tsani ina ɗaure eriya a kan doguwar gora, sai ga abokina Malam Sale mai gyaran rediyo ya tsaya da kekensa.

Jikata Rumaisa ce za ta yi karatun Alƙur'ani a gidan rediyo a Zariya ranar Juma'a. Mu kuwa nan Malikanchi tashar ba ta kamuwa sosai.

Ya ɗaga kai ya ce, "Alhaji, rediyo za ka ji ko tsawa kake gayyata? Ga damina, gorarka ta fi rufin kwano tsawo."

Na ce, "To in sauke, mutuniyata ta yi karatu ban ji ba?"

"Wa ya ce ka sauke? Rodi za mu buga a ƙasa, mu ja masa waya mai kauri daga gindin eriyar, in tsawa ta faɗo ta bi ta shige ƙasa. Amma sai ƙasa mai laima. Ina kake alwala?"

Nan gefen zaure, inda ruwan buta ke zuba kullum, muka buga shi. Ya ce duk da haka in hadari ya iso, in zare wayar eriyar daga rediyo.

Ranar Juma'a hadari ya haɗu a gabas. Na zauna hannuna a kan wayar, ina kallon sama. Sai ga muryar Rumaisa tas, kamar a kan tabarmata take. Tana rufe karatu iska ta taso, na zare. Alhamdulillahi, ko aya ɗaya ba ta wuce ni ba.

Yanzu duk alwalar da na yi, rodin ma ya sha ruwa. Ku masu eriya a saman gida, a ina kuka buga naku?