Yadda Kawu Birki Ya Koyi Tafiya

Kawuna mai koyar da tuƙi ne. Shekara ashirin da shida ya yi a kujerar gefen direba, cikin wata 'yar farar mota mai birki biyu, ɗaya a gaban ɗalibi, ɗaya a gabansa. Daga nan ya samo sunansa. Mu ma 'ya'yan ƙanwarsa Kawu Birki muke ce masa, in ba ya kusa.

Aiki kam ya iya, wanda ya fito daga hannunsa ba ya faɗuwa jarrabawa. Bakinsa ne sai a hankali. In ɗalibi ya saki kuloci da garaje mota ta mutu, Kawu zai dube shi daga sama har ƙasa ya ce, "Ƙafa ce da kai ko guduma?" Matarsa, da muke kira Mama, darasi ɗaya ta yi a wurinsa. Ta fito, ta rufe ƙofar motar a hankali, ta ce aurenta ya fi mata lasisi. Coci kuwa ba ya fashi. Benci na ƙarshe yake zama, yana duba agogo yana ƙirga kurakuran 'yan waƙa.

Shekara biyu da suka wuce ya faɗo daga tsani yana gyaran rufi, ƙafarsa ta dama ta karye wuri biyu. Da ƙashin ya haɗe, aka tura shi wani ɗaki a asibiti inda ake koya wa masu karaya tafiya. Akwai ƙarafa biyu dogaye da mutum yake dafawa, da babban madubi a bango. Ma'aikaciyar da aka haɗa shi da ita ta gaishe shi da fara'a.

"Baba, ba ka gane ni ba ko? Ni ce wadda ka ce ta je ta sayi keke."

Nan take Kawu ya tuna ta, tsohuwar ɗalibarsa ce. Ya zaci ranar ramuwa ce ta zo. Amma wata uku tana riƙe da gwiwar hannunsa. Ya yi taku biyu ya zube, ta ce, "Jiya ɗaya ka yi, Baba. Mu sake." In ya yi mata tsawa sai ta miƙo masa ruwa. Rannan ya kasa daurewa ya tambaye ta dalili.

Ta yi dariya. "Ai na yi kuka ranar, har na roƙi Allah tayarka ta fashe. Daga baya na zauna na lissafa sau nawa ni na kashe wa Yesu mota a tsakiyar titi, bai taɓa cewa in sauka ba. To ni wace ce?"

Ranar da Kawu ya koma gida, ciki ya shige kai tsaye. Mama ta same shi a ɗaki, sandarsa a jingine, Littafi Mai Tsarki a buɗe a cinyarsa, hawaye na bin gemu. Ya ce shekara da shekaru yana shiga coci, sai yau ya san shi ma haƙuri ake yi da shi. Ya nemi gafararta, suka yi addu'a tare, ita a durƙushe, shi a bakin gado saboda ƙafar ba ta lanƙwasuwa.

Lahadin da ya ba da shaida, Fasto minti biyar ya ba shi, ya ci ashirin. Ya faɗi komai, har maganar keken, mutane suna ta dariya. Can ya ɗaga hannu ya ce, "Tun daga ranar, 'yan'uwa, ban ƙara yi wa kowa tsawa ba."

Daga benci na uku Mama ta ce, "Ranar Alhamis fa?"

Kawu ya sosa ƙeya. "Ban da Alhamis. Ubangiji bai gama aiki a kaina ba, ku ci gaba da sa ni a addu'a."

Ya koma aiki yana ɗan ɗingishi. Yanzu yawancin ɗalibansa matan da suka manyanta ne, waɗanda a da suke tsoron ko gaishe shi. Duk wanda ya zo sabo sai ya ji labarin ɗakin mai madubi kafin a tada mota, wasu har suna cewa shaidar ta fi darasin tsawo.

Ni ma bana na shiga hannunsa. Makon jiya a filin koyo na rikita giya, na tura gangar da yake sa mana alama har ta gangara bakin katanga. Na ƙanƙame sitiyari ina jira. Kawu ya rufe ido, leɓunansa suna motsi, ya ɗan jima a haka. Da ya buɗe sai ya ce, "To, 'yata, sauka ki ɗauko ta. Ni ƙafata ba za ta kai can ba."