Hatimin da Muntasir Ya Ƙi Yagawa

A kambo aka haifi Muntasir, wato zangon leburorin gona da ke bakin magudanar ruwa a Jazira, inda mahaifinsa Malam Salih ya ƙarar da ƙuruciyarsa yana tsinkar audugar wasu. Da auduga ta daina ciyar da gida, suka tattaro komatsansu zuwa Umbadda, can yammacin Omdurman. Malam Salih ya sayi jaki da amalanke ya shiga sayar da ruwa. Duk unguwa ta shaide shi da abu guda: bai taɓa ɗora wa jakin nan abin da ya fi ƙarfinsa ba. Kaɗan-kaɗan yake ƙara kaya yana kallon haƙarƙarin dabbar, da ya ga numfashi ya sauya sai ya rage. Da ya rasu bai bar gona ba, bai bar shago ba. Wannan halin kaɗai ya bar wa ɗansa.

Muntasir bai gama sakandare ba. Ya koyi gyaran waya da kwamfuta a wata rumfa a Suk Libya, har ya yi suna da sana'ar da ba kowa ya iya ba: ƙara wa kwamfutar wasa gudu fiye da yadda kamfani ya saita ta. Masu gidajen wasa na samari har daga Mayo da Suk al-Shabi suke ɗauko masa nasu. Wasu masu gyaran kan murɗa gudun gaba ɗaya don su burge mai kaya, bayan 'yan kwanaki ƙwaƙwalwar injin ta ƙone. Shi kuwa sai ya fara buɗe akwatin, ya share ƙura, ya shafa sabon man sanyaya, ya ƙara fanka. Sannan ya ɗaga gudun ɗan kaɗan, ya saki wasa mai nauyi, ya zauna yana kallon ma'aunin zafi. In hoto ya yi rawa ko zafi ya haura, ya koma baya. Kuma ba ya gwaji da sanyin safiya. Yakan ce abin da bai jure azahar ɗin Omdurman ba, ba a gwada shi ba.

Kafin ya taɓa kayan kowa sai ya nuna masa hatimin, 'yar sitika mai ƙyalli da masu shago ke mannawa a bakin akwatin.

"Ka ga wannan? Da na yage ta, daman ya tafi," in ji shi, daman kuwa shi ne garanti a bakin mutanen birnin. "Ko gobe ta mutu, mai shago ba zai kalle ka ba. In ma ba a buɗe ba, suka gane an ƙara mata gudu, duk ɗaya. Ka yarda?"

Da yawa sun yarda. Wasu ya mayar da su gida da kayansu, ya ce su jira shekarar garantin ta cika.

Ana gab da azumin shekarar da yaƙi ya ɓarke ya sayi tasa, sabuwa fil, bayan shekaru yana tari. Baƙa ce, gefenta gilashi, ana hango manyan fankoki suna juyawa a ciki. Da ita ya yi niyyar fara nasa gidan wasan. Ya ajiye ta a ɗakinsa, ya rufe da tsohon mayafin mahaifiyarsa, Inna Ni'imatu, saboda ƙura.

Abokinsa Hussein, direban raksha, irin keken nan mai ƙafa uku, ya zo gani.

"To, ustaz, murɗa mata mu ga tashi!"

"Sai baɗi."

"Baɗi? Ya zol, haba mutumina, kai da ka yage hatimin rabin Omdurman? Wanzami ba ya son jarfa!"

"Nasu sun yarda. Ni ban yarda ba."

Inna Ni'imatu da ke tankaɗe a tsakar gida ta ce, "Ƙyale shi, Hussein. Ɗan Salih ne. Ubansa ma sai da ya yi mako yana kallon jakin kafin ya ɗaura masa igiya."

Ba a kai ga sallah ba aka wayi gari da ƙarar bindigogi. Kowa ya ce kwana biyu ne. Aka ɗauke wuta, famfo ya ƙafe, kasuwa ta watse. Labari ya zo cewa layin shagunan da ya sayo kwamfutar an fasa shi, an cinna wa sauran wuta. Da Muntasir ya ji, sai ya je ya gyara zaman mayafin a kan akwatin.

Ƙanwarsa Safa da mijinta suka samu gurbi a wata bas mai zuwa Gadarif, har da na Inna da na Muntasir. Amma masu bindiga sun kafa shingen bincike ko'ina a hanya, kuma babu yadda akwati irin wannan zai wuce su. Hussein ya kawo shawara.

"Buɗe ta ka cire ƙwaƙwalwar da katin hoton, su ne masu tsadar. A tura su cikin buhun gari. Akwatin ai ƙarfe ne, a bar musu."

"In na buɗe, hatimin ya tafi."

Safa ta dafa ƙirji. "Yaya, wane hatimi? Shagon ya zama toka! Wa za ka kai wa?"

"Za su dawo. Mai shagon ya ce mini shekara guda, da bakinsa."

Ba wauta ce ta hana shi ba, duk da cewa haka aka ɗauka a lokacin. Yage sitikar nan a wurinsa daidai yake da yarda cewa babu sauran shago, babu kasuwa, babu baɗin da ya yi wa tanadi. Mutumin da duk rayuwarsa komawa baya yake yi in ya ga zafi ya haura, wannan karon ya kasa karanta ma'aunin. Ya ce su tafi, zai tsare gida, zai biyo su in ƙura ta lafa.

Inna Ni'imatu ta kwance ƙullin kayanta ta zauna a kan gadon igiya.

"Inna, don Allah ki tashi," in ji Safa tana kuka.

"Ranar da muka baro kambo ban bar ɗa a baya ba. Ba yau zan fara ba. Ke kina da miji, bi shi."

Muntasir ya roƙe ta, ya yi fushi, ya sake roƙo. Ta ce masa kalma ɗaya ce, in ya ɗauko takalminsa ita ma za ta ɗauko nata. Ya kalli ƙofar ɗakinsa. Bas ta tashi ba su.

Daga nan hanyoyi suka rufe. Abinci ya koma ɗan abin da ake rabawa a tukunyar unguwa, sai a tsaya layi da kwano. Bazara ta sake zagayowa ba wuta, ba likita, kantin magani a kulle. Zazzaɓi ya kama Inna. Rufin kwano ya mayar da ɗakin tanda, waje kuma harsashi ba ya sallama. Muntasir ya jiƙa mayafi ya lulluɓa mata, kafin ya juya ya bushe. Ya yi fifita da kwali har hannunsa ya mutu.

Wata azahar ta buɗe ido ta ce, "Ɗan Salih, iska."

Ya miƙe ya shiga ɗakinsa. Ya janye mayafin, ya sa farce ya keta hatimin, ko duba shi bai yi ba. Ya kwance fankokin, ya tsallaka katanga zuwa gidan su Hussein, wanda rakshar tasa ta daɗe a ɓoye ƙarƙashin tabarmi, suka ciro batirin. Ya haɗa wayoyi, ya ɗaure fankokin a jikin gadon saitin fuskarta, ya rataya jiƙaƙƙen ƙyalle a bayansu. Suka fara juyawa ba ƙara.

Inna ta ja numfashi. Ta dubi fankokin, ta dube shi.

"Ka buɗe ta."

"Na buɗe, Inna."

"Da wuya ne?"

Ya gyara zaman jiƙaƙƙen ƙyallen. Shekarar garantin ma ta riga ta cika, shi bai lura ba sai daga baya.

Ta ɗan samu barci a ranar, da washegari. Kafin batirin ya ƙare ta cika. Maƙabarta ba ta zuwuwa, sai a filin ƙwallon unguwa aka binne ta, kusa da wasu da suka riga ta. Hussein ne ya haƙa kabarin tare da shi.

Da hanya ta ɗan buɗe Muntasir ya fito. Ya bar kwamfutar a buɗe a tsakar ɗaki, da ƙwaƙwalwarta da katinta, bai taɓa ƙara mata gudu ba ko sau ɗaya. Fankokin kawai ya sa a aljihun jallabiyarsa. A shingen masu bindiga wani ya juya su a hannu, ya ga ba su da wata daraja, ya jefa masa.

Yanzu yana Gadarif, a bakin tasha, yana cajin wayoyi da farantin hasken rana. Bai yi aure ba. Ba ya yawan magana, kuma in aka kawo masa kwamfuta yakan ce a kai gaba. Safa ba ta taɓa yi masa gorin ranar bas ɗin ba, shi ma bai taɓa tayar da zancen ba. 'Yar da ta haifa a can sunan Inna aka sa mata. Kullum in rana ta take, Muntasir yakan rufe rumfarsa ya zo gidan, ya ɗaura fankokin a jikin gadon yarinyar, ya haɗa su da batiri, ya taɓa goshinta da bayan hannu, ya zauna yana kallon numfashinta.