Kalangu a Cikin Jaz

Jama'a, yau bakina ya ƙi rufuwa!

Na kunna wa ɗalibaina kiɗan jaz, na ce kowa ya rufe ido ya saurara. Sai ga shugaban makarantarmu a ƙofa, wanda dama yake cewa darasina ɓata lokaci ne. Ya ga aji kamar ana barci.

Kafin ya yi magana, wata ɗaliba, Rabi, ta zabura: "Malam, wallahi akwai kalangu a ciki! Irin na mahautan Babbar Kasuwa!"

Shugaban ya jawo kujera ya ce, "Malam Sada, maido shi baya." Ya rufe ido shi ma. Har aka tashi kafaɗarsa na rawa!

Ashe kunne ma koya masa ake yi. Ku fa, yaushe rabonku da sauraron kiɗa ido rufe?