Baba Hanci Na Ɗakin Sanyi

Kafin masu saye su fara taruwa, Baba Hanci ya riga ya zura rigarsa mai kauri ya ja ƙofar ɗakin sanyi. Ba ya taɓa komai sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ja numfashi, kuma a nan sunan ya samo asali. Sai ya bi akwatunan ƙanƙara ɗaya bayan ɗaya. Ya soka ma'aunin sanyi, ya zaro kifi ya dubi idonsa, ya ɗaga kunnen ya ga ko jan na nan ko ya dushe, ya danna tsokar da babban yatsa. In gurbin yatsan ya ciko, kifi ya wuce. In ya lotsa ya zauna, to ko na wane ne ba zai fita ta ƙofar nan ba.

Wannan makon yake ajiye aiki, kuma kasuwar kifi ta ɗinke da murna kamar kowa ubansa ake karramawa.

Ku tambayi matar da ke dafa wa 'yan makarantar kwana abinci. Wata rana injin sanyi ya tsaya, aka gyara, kifi ya sake ɗaukar sanyi, a ido ba ka ganin komai. Ta zo da mota, mai ɗakin ya ce a loda. Baba Hanci ya shinshina, ya danna, sai kawai ya hau kan akwatin ya zauna.

"Maigida, wannan ba zai fita ba."

"Kai ka sayo shi?"

"Ban sayo ba. Amma 'ya'yan mutane za su ci."

Mai ɗakin ya fusata, ya ce ya tuɓe rigar aiki ya kama gabansa. Baba ya tuɓe, ya ninke, ya miƙa masa, ya koma kan akwatin daga shi sai singileti, haƙora na kaɗawa. Matar ta ce dariya da tausayi suka haɗe mata, ta juya motarta. Da mai ɗakin ya tsaga cikin kifi ɗaya da hannunsa, sai ya tarar ya fara ruɓewa. Shi da kansa ya yafa wa Baba rigar.

Kai ne wannan, Baba. Mai hana ɓarna fita, ko da za a kore ka.

Abin da bai lura da shi ba shi ne jikinsa. Wandonsa ya fara jan ƙasa, matarsa ta rage, ya sake ja.

"Malam, ko dai kai ne kake raguwa?" in ji ta.

"Telan ne ba ya da kirki," ya ce, suka yi dariya.

Bayansa ya fara rankwafawa, ya ce tsufa ne. Sai wata safiya santsi ya ɗan kwashe shi, ya dafa ƙasa. Faɗuwar da a da zai kakkaɓe ya miƙe, ita ta karya masa ƙugu. A asibiti likita ta nuna masa hoton ƙashinsa, ta ce ya zaizaye daga ciki, ya zama kamar soso.

"Likita, ai na ɗauka wannan ciwon mata ne."

"Maza ma yana kama su, Baba. Sai dai ba sa zuwa sai sun karye."

Tsoron kwanciya har abada ya kama shi, kuma bai ɓoye wa 'yarsa ba. Amma da ta tafi, tunaninsa ya koma kan 'yan dakon kasuwa, sa'o'insa, waɗanda suka tsufa a cikin ɗakin da rana ba ta shiga, kowa na dafe da baya yana cewa tsufa ne.

Aka yi masa aiki. Ya sha magani, ya koyi tafiya da ƙarfe mai ƙafa huɗu, ya koma sanda. Ranar da ya shigo kasuwa da ƙafarsa, mata suka bar teburansu, 'yan dako suka ajiye kaya, aka kewaye shi har hanya ta toshe. Shi kuwa bai gama amsa gaisuwa ba ya cafke hannun tsohon direban motar kifi, amininsa.

"Kai, da kai ne ka fi ni tsawo. Yanzu ga mu kai ɗaya. Gobe za ka bi ni."

"Ni lafiyata ƙalau."

"Ni ma haka na ce."

Direban ya bi shi asibiti. Aka gwada, aka tarar nasa ma ya fara, aka tare shi da magani kafin ya karye. Daga nan Baba ya sa aka ajiye benci a inda hantsi ke sauka, ya kafa wa tsofaffin doka: kowa ya fito ya sha rana, a ci ƙananan kifi har da ƙaya, a taka da ƙafa, mai taba ya yar. Ya matsa har aka shimfiɗa roba mai hana santsi a ƙasan ɗakin. Wanda ya ga wandonsa na jan ƙasa yanzu ya san wa zai tare shi.

Baba, mun ci kifi shekara da shekaru ba mu san wanda ya tsaya mana ba. Yau mun sani. Mun gode. Allah ya ƙara wa ƙashinka ƙarfi, ya sa ka ci moriyar hutunka.

Ku kuma da kuke da uba ko kawu ko miji da ya fara rankwafawa, kada ku jira ya faɗi. Ku kama hannunsa ku kai shi a duba. In ya ce lafiyarsa ƙalau, ku kawo shi bencin Baba, ya ce yana nan kullum da hantsi.