Madam Solange da Kalmar da Ta Tura Magajin Gari Cikin Laka

Ƙarfe takwas saura kwata kullum Madam Solange Berthelin take jingine kekenta a bangon shagona, ta sayi rabin burodi wajen maƙwabcina, ta sauka ɗakin tsofaffin takardu da ke ƙarƙashin ofishin magajin garinmu, Brémonval. Shekara arba'in da ɗaya ke nan. Ƙarshen watan nan za ta ajiye aiki, kuma na san in ni tela ban rubuta labarinta ba, ba mai rubutawa, don rabin garin sun ɗauka shara take yi a can ƙasa.

Aikinta karanta abin da mutanen zamanin da suka rubuta a kan fatar tumaki. Amma kalma ɗaya ce ta kama zuciyarta: coutume, wato al'ada. Kwalin takalmi goma sha tara ta cika da ƙananan katuna, kowanne da inda ta gamu da kalmar. Sau ɗaya na yi gangancin tambayarta, ranar da ta kawo riga a rage mata hannu. Ta ce daga Latin ta fito, consuetudo, abin da aka saba. Baki ya yi ta cinye tsakiyarta har ta zama costume a Faransancin da. Can daga baya ne ma'anar tufafi ta shigo ta hannun Italiyawa. Kafin ta gama, shayina ya huce sau biyu.

Shekara tara da suka wuce, magajin gari na lokacin, Musye Anselme Coquerel, ya hango kalmar costume a wata takardar garinmu mai shekara ɗari bakwai. Bai tambayi kowa ba. Ranar kasuwa ya sanar cewa kakanninmu suna da suturarsu ta musamman, za a yi bikin farfaɗo da ita. Ya gayyaci 'yan jarida. Ni kuma na ɗinka riguna sittin na karan-miski, da huluna masu gashin tsuntsu.

Saura mako uku, Madam Solange ta hau sama ta shiga zaman majalisa, abin da ba ta taɓa yi ba. Ta jira aka gama zancen makaɗa, sannan ta ɗaga hannu.

"Musye Coquerel, a takardar nan ba wanda ya sa riga. Cirewa ma suke yi."

Ta karanta musu, ta ce costume a wurin al'ada take nufi, ba tufafi ba. Al'adar garin ita ce, duk Asabar ɗin farko ta Oktoba, kowane gida ya ba da mutum ɗaya ya shiga ramin ruwan da ke bayan tsohon injin niƙa, ya kwashe laka.

Magajin gari ya tambaye ta ko ba za a iya karanta wurin ta wata hanya ba. Ta ce shekara talatin tana karanta shi, bai canza ba tukuna. Sai ya rage murya, ya ce dama majalisa tana neman inda za ta riƙa ajiye kujerun taro, kuma ɗakin nan na ƙasa ya yi daidai. Kowa ya gane me yake nufi. Ta ciro makulli ta ajiye masa a tebur, ta ce sai dai ya kula, danshin wurin yana ɓata kujera.

Kwana biyu makullin yana gabansa. Matarsa ce ta ce masa tunda an gayyaci jarida, an kuma ɗinka kaya, ya haɗa bikin da kwasar lakar kawai ya huta.

Haka mutum sittin suka shiga rami sanye da karan-miski, riƙe da shebur. Magajin gari ya nutse har cinya yana tsakiyar jawabi, hularsa ta bi ruwa. An tono kekuna uku da injin wanki ɗaya. Madam Solange tana bakin rami da takalmin roba tana nuna inda aka tsallake.

A hunturun nan aka tafka ruwa na mako biyu. Layin ƙasa, wanda tun ina yaro duk shekara sai ruwa ya shiga gidajensa, ya tashi a bushe, don ramin da aka kwashe ya ɗauke ruwan. Yanzu kowace Oktoba ana fita, har da masu cewa tun kaka da kakanni ba a taɓa fashi ba.

Madam Solange, ke ce mai haƙurin zama da matattun haruffa har su buɗe baki. Ke ce kika ajiye makulli da kika ga gaskiya ce za ta fita ta taga. Mutanen layin ƙasa sun gode, ko da ba su san wa suke gode wa ba. Ni ma na gode, duk da cewa har yau ni ke fama da laka a karan-miski.

Ku kuma masu tasowa, ku koyi abu ɗaya ku san shi har gindinsa, kamar yadda ta yi. In kuma kun ga kalma a tsohuwar takarda, ku sauka ƙasa ku tambaya kafin ku kira tela.